Haɗin da Bai Bushe Ba

"Kwamfuta uku a gida ɗaya, ba mai gaida wata, kuma ina raye? Ku bar min su. Kafin shayin nan ya huce na sasanta su."

Mai wannan magana wani mai shagon fenti ne da ke zaune a hawa na biyu na wani bene mai hawa uku. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Kubarmin kowa ke ce masa, domin duk abin da ya lalace a duniya, daga famfo har rigimar maƙwabta, abin da ke fara fitowa daga bakinsa ke nan. Famfon da aka bar masa bara har yau bokiti ne a ƙarƙashinsa. Ranar da ya sayo na'urar waifai kuwa, don kowa ya shaida tasa tana kaiwa har hawa na uku, sai ya ɗauki burushi ya rubuta kalmar sirrin da jan fenti a bangon matakala, kowane harafi ya kai tafin hannu.

Matarsa nas ce, har a gida Sista ake kiranta. Wata uku ta yi tana haɗa wani jawabi mai hotuna a kwamfutarta, a kan yadda ake juya majinyacin da ya daɗe a kwance don kada bayansa ya yi gyambo. Ranar Alhamis za ta gabatar da shi gaban manyan asibiti. Su uku ke neman shugabancin ɗakin majinyata, kujera ɗaya ce, jawabin ne zai raba gardama. Ta gama shi ranar Lahadi da safe. Abin da ya rage kawai mahaifinta, tsohon hedimasta da ke zaune tare da su, ya duba mata rubutun a tasa kwamfutar ta tebur. Ta ɗauko filash za ta kwafa masa jawabin ke nan Kubarmin ya tare ƙofa da kofin shayi a hannu, ya yi wancan furuci.

"Filash a gidana? Ajiye abin kunyar nan, Sista. Folda ɗaya zan buɗe a taki, Baba ya gani daga ɗakinsa, ni in gani daga tawa, ba wanda zai ɗaga ƙafa."

"Taku shida ne fa daga nan zuwa ɗakin Baba."

"Shida yau, shida gobe. Ki tara na shekara ki ga inda za ki kai."

Baba ya leƙo shi ta saman tabarau. "Ka taɓa yi?"

"Na ga ana yi, Baba."

"Ni ma na sha ganin ana tuƙa jirgin sama."

Shayi ya huce. Aka dafa wani, shi ma ya huce. Kwamfutar Sista ta ce ba ta ga kowa ba. Tasa ta shago, wadda yake yawo da ita a jaka, ta ce ita ma haka. Kubarmin ya shafa gemu, ya zagaya falo sau biyu, sai ya gano matsalar: ta yaya za su ga juna alhali kowacce ta juya wa 'yar'uwarta baya? Ya kwashe kwanuka daga teburin cin abinci, ya jera su ukun fuska da fuska, har da ta Baba mai nauyin buhun siminti, wadda ya kinkimo yana nishi, wayoyinta na jan ƙasa.

"Ka gabatar da su mana," in ji Baba. "Wataƙila kunya suke ji."

Kubarmin bai ji zolaya ba, shawara ya ji. Ya shiga wajen suna ya raɗa wa kowacce GIDA, tunda 'yan gida ɗaya ne. Nan take biyu suka yi fushi, suka ce an riga an ɗauki sunan. Ya ja tsaki ya sake: ta matarsa SISTA, ta surukinsa BABA, tasa kuma INJINIYA. Don kada a manta, ya rubuta wa kowacce sunanta a jiki da farin fenti.

"Wane ne Injiniya?" in ji Sista. "Baƙo za mu yi?"

Ikon Allah, sai ga su sun ga juna. Amma da ya je shiga ta Sista daga tasa, sai aka tare shi da neman kalmar sirri. Ya sa ta bangon matakala, aka ƙi. Ya sa lambar shagonsa, aka ƙi. Ya sa ranar aurensu.

"Ita ma sun ƙi ta," ya ce.

"Me ka rubuta?"

"Sha bakwai ga wata mana."

"Sha ɗaya ne."

"Kin ga abin da ya sa ba na son na'urar nan. Tana tono abin da ba a tambaye ta ba."

Ya sa sha ɗaya, ita ma aka ƙi, amma dai Sista ta riga ta adana wannan a ranta.

Can da yamma ya ci karo da wani ɗan maɓalli da ke cewa ana iya daina tambayar kalmar sirri gaba ɗaya. Ya danna shi da ƙarfi kamar mai kashe kyankyaso. Kwamfutar ta tambaya wa aka yarda ya shiga, ya zaɓi kowa. Ta sake tambaya, su duba kawai ne, ko har su canza su goge?

"Gidana ba a rowa," in ji Kubarmin, ya danna duka. Ya sa wa foldar suna KOWA YA SHIGO, yana nufin su uku, ya jefa jawabin Sista a ciki.

Aka mayar wa Baba da buhun simintinsa. Bayan ɗan lokaci murya ta fito daga ɗakin: "Na gani." Aka ji linzamin kwamfutarsa ya yi ƙas-ƙas sau biyu, sannan ya tura ƙofa.

Kubarmin bai tsaya neman takalmi ba. Ya sauka ƙasa wajen Mai Faci, wanda shagon tayoyinsa ke gindin benen. Ya haura sama wajen Mai Burodi, wata mata mai fara'a da ke gashi a hawa na uku. Ya ƙwanƙwasa duk ƙofar da ya gani. Saƙo ɗaya ne: ranar Laraba da yamma kowa ya zo falonsa, Sista za ta gwada jawabinta, kuma jawabin zai fito a talabijin ta iska, da fasaharsa.

Abin da bai sani ba, tsohuwar kwamfutar shagon Mai Faci da ƙaramar da Mai Burodi ke karɓar oda da ita duk waifai ɗinsa suke sha, albarkacin bangon matakala. A yammacin nan su ma folda ta ɓullo musu. Mutum ya ga an rubuta kowa ya shigo, ai rashin ladabi ne ya tsaya a waje.

Ranar Litinin Sista ta fita aiki tun da sassafe. Da rana Kubarmin ya rufe shago ya dawo cin abinci. Ya zuba shinkafa, ya buɗe INJINIYA a gabansa don ya ci yana kallon aikin hannunsa. Ya danna jawabin, ya wuce shafi ɗaya, biyu, uku, sai ga wani gyambo ya cika allo, ja jawur, yana ƙyalli, ya kai faɗin farantin da ke gabansa. Lomar da ke bakinsa ta rasa hanyar da za ta bi.

"A'a. Ba a kwamfutata ba."

Shi fa mutumin shago ne, kuma dokarsa ɗaya: gwangwani iri ɗaya ba ya cin wuri a kanta biyu. Nata yana nan a tata, na Baba yana ta Baba, wannan nasa ne, kuma ba ya so. Ya danna gogewa. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ta ce ba za a iya dawo da shi ba.

"Ni kike tambaya ko na tabbata? Wa ya raɗa miki suna?"

Ya danna e. Ya cinye shinkafarsa hankali kwance, har da ƙari. Zai fita ke nan ya ce bari ya leƙa SISTA ya ga ko tana lafiya. Ya ɗaga murfi. KOWA YA SHIGO na nan a buɗe, fara fat, ba kowa a ciki.

Ya rufe murfin, ya ƙirga goma, ya sake buɗewa. Fara fat.

Baba ya fita sayen magani, don haka ya faɗa ɗakinsa ya buɗe foldar a can. Fara fat. Sai a lokacin abin ya fara shigarsa: ashe ba gwangwani uku ba ne a kanta uku, gwangwani ɗaya ne ake hangowa ta taga uku, kuma shi ne ya miƙa hannu ta tagarsa ya zubar.

Ya duba kwandon sharar kwamfutocin ukun, babu. Ya duba kwandon sharar kicin, don ba a sani ba. Ya ɗauki na'urar waifai ya girgiza ta a kunne. Ya zare kebul ɗinta, ya rufe ido ɗaya ya leƙa ciki, ya hura, ya karkaɗe shi a kan farar takarda ko wani abu zai faɗo. Ƙura ce ta faɗo.

Da Sista ta dawo, ƙafafunta sun kumbura don tsayuwar awa goma sha biyu, ta tarar da kwamfutarta lulluɓe da leda, an jingina mata kwali da jan rubutu: KADA A TAƁA. BAI BUSHE BA.

"Mene ne bai bushe ba?"

"Haɗin. Hannu na farko na yi jiya. Sai ya kwana uku kafin ya kama."

"Haɗin kwamfuta ne ke bushewa?"

"Ke da ba sana'arki ba? Ki taɓa yanzu ki ga shatin yatsanki ya fito a tsakiyar jawabi, ranar Alhamis manya su tambaye ki na wane ne."

Ta dube shi, ta dubi kujera, kujera ta yi nasara. "Na haddace shi dai. Amma wallahi, Maigida, ko aya ɗaya ta goce..."

"Ku bar min."

Baba na gefe yana karanta takardar maganinsa. Ya ɗaga ta ya rufe murmushinsa.

Ranar Talata Kubarmin ya yanke shawara: abin da mace ta rubuta a wata uku, injiniya zai rubuta a kwana biyu. Sista na fita ya buɗe sabon fayil a foldar, ya sa masa sunan tsohon. Ya tuna shafukan shuɗi ne, ya yi su shuɗi, har ya fi nata kyau. Saura rubutu.

Shafi na ɗaya: Majinyaci mutum ne da ba shi da lafiya.

Ya karanta sau uku, bai ga ƙarya a ciki ba. Shafi na biyu: Yana da baya.

A shafi na uku ilimi ya ƙare. Ya yi rabin awa yana kallon shuɗi, shuɗi na kallonsa. Daga ƙarshe ya rubuta abin da ke ransa: A nan za a faɗi yadda ake juya shi. Ni ban sani ba. Wanda ya sani don Allah ya taimaka. Ya rufe ya tafi shago, inda ya sayar wa wani mutum kore a madadin ruwan toka bai ma lura ba.

Da rana ya dawo ya buɗe. Shafi na uku ya cika maƙil.

A fara sa jak a ɗaga shi. A sassauta notuna. Na gaba ya koma baya, na hagu ya koma dama, don kada gefe ɗaya ya cinye. A duba iska duk mako. In an ji yana tsss, a tsoma shi a ruwa a ga inda kumfa ke fita.

Kubarmin ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa. Ashe jawabin bai mutu ba! Yawo ya tafi cikin kebul, hurawar da ya yi jiya ce ta koro shi, ga shi yana dawowa shafi-shafi. Maganar jak ta ɗan daure masa kai, amma ai asibiti sun ci gaba.

"Ashe aikin Sista da nauyi haka," ya ce. "Shi ya sa ƙafarta ke kumbura."

Ya gane yanzu tambaya abin yake so. Ya buɗe shafi na huɗu ya rubuta: Na gode. To, awa nawa ake yi kafin a juya? Ya rufe, ya ba shi wuri. A matakala ya haɗu da Mai Faci, wanda ya ɗaga masa babban yatsa yana murmushi. Kubarmin ya karɓi yabon da hannu biyu, don a ganinsa labarin fasaharsa ne ya zagaya.

Da yamma amsa ta iso. Minti ashirin kowane gefe. A shafa bota a ƙasa kada ya kama tire. In ya yi ja ya isa. A ƙwanƙwasa bayansa, in ya yi ƙara kamar ganga ya nuna. Kada a yanka da zafi.

A ƙasan wannan kuma, da jan rubutu, an ƙara wani abu: Ba waƙafi, ba kan gado. Biyu bisa goma. A sake.

"Ka ji min na'ura," in ji Kubarmin. "Har da faɗa." Ya goge tambayoyinsa, ya goge jan rubutun. Ya je ya sha ruwa ya dawo, jan rubutun ya dawo shi ma, kuma an rage maki: ɗaya da rabi, saboda taurin kai.

Laraba ta yi, rubutu ya kai shafi tara, amma hotuna sun ƙi dawowa. Ya hura kebul har kansa ya sara. Jawabi kuwa ba hoton gyambo, ko Mai Faci zai gane da sake. To, shi wa ya fi shi sanin ja?

Ya ɗauko fentin mai daga shago, ja da ɗan rawaya. Ya ɗaure burushi a sandar tsintsiya, ya tuɓe riga, ya juya wa madubin kabad baya. Madubi kuwa maƙaryaci ne, in ka ce dama ya ce hagu, don haka gyambon da aka yi niyya kamar murfin kofi sai da ya kai murfin tukunya. Ya ɗiga rawaya a tsakiya don ya yi kama da mai ruwa. Ya jingina waya a kan kujera, ya saita ta ta ɗauka da kanta, ya ruga ya kife a gado. Hoto na farko ƙafafu ne a sama. Na biyu fanka. Na bakwai ya yi, ba kai, baya kawai.

Ya je goge fentin sai ya tuna gwangwanin tina, ruwan wanke fenti, ya ƙare tun makon jiya. Ya tsaya gaban fanka, ya yi fifita da kwali, fentin mai bai san gaggawa ba. Agogo ya ce saura awa ɗaya. Ya zura farar rigarsa ta fita, ya ja kebul daga SISTA zuwa talabijin ya tura shi ƙarƙashin kafet don a ce iska ce.

Baƙi suka fara shigowa. Kubarmin na tarbarsu bayansa na bin bango, yana tafiya a karkace kamar kaguwa.

"Lafiya kake tafiya haka?" in ji Mai Burodi.

"Kada in tare iskar haɗin."

Falo ya cika, wasu a kujera, wasu a kafet, Baba a kusurwa da hannu cikin aljihu. Kubarmin ya silale ya zauna a farar doguwar kujerar Sista, ya jingina sosai don kada a ga bayansa, ya ɗora SISTA a cinya, ya yaye ledar. Sista ta fito cikin kayan aikinta a goge. Ta tsaya gaban talabijin, ta ba ta baya, ta fuskanci jama'a kamar yadda za ta fuskanci manya gobe.

"In na ɗaga hannu ka wuce," ta ce masa. Ta gyara murya. "Majinyacin da ba ya iya motsi, nauyin jikinsa yana danne fata a kan ƙashi har jini ya daina isa wurin."

A bayanta talabijin ta ce majinyaci mutum ne da ba shi da lafiya. Jama'a suka gyaɗa kai. Ta ɗaga hannu.

"Wuraren da suka fi haɗari su ne ƙugu, da kafaɗa, da diddige."

Talabijin ta ce yana da baya.

"Wannan gaskiya ne," in ji wani tsoho daga kafet.

Ta ɗaga hannu. "Don haka mutum biyu za su tsaya, ɗaya a kowane gefe, a hankali, a yi wa majinyaci magana kafin a taɓa shi..."

"Nawa ne wannan!" Mai Faci ya miƙe yana nuna talabijin, bakinsa har kunne. "Wallahi nawa ne! Ku duba, har da kumfar!"

Sista ta juya. Ta karanta daga jak har kumfa, leɓenta na motsi. Kubarmin ya danna don ya gudu daga shafin, sai ya faɗa cikin bota.

"Ga nawa nan!" in ji Mai Burodi tana tafi. "Amma Sista ki gyara, in tandar na da zafi minti sha biyar ya isa."

"Naku kamar yaya?" in ji Kubarmin. "Kwamfuta ce ta rubuta!"

"To ni ne kwamfutar," in ji Mai Faci. "Ka ce kowa ya shigo, na shigo. Ka ce wanda ya san juyi ya taimaka. Ni kuwa shekara ashirin ina juya taya."

"Mu mun zaci wasa ka buɗe wa 'yan bene," in ji Mai Burodi. "Har ina jiran a faɗi wanda ya ci."

Kubarmin ya sake dannawa, sai ga gyambo ya cika talabijin, ja da rawaya, yana ƙyalli. Mata biyu suka rufe ido. Sista ba ta rufe ba. Ta matsa kusa.

"Zanin gadona ne wannan."

"Daga intanet na samo. Zanin gado ai kama yake yi."

"Intanet ne ke da tabon dutsen guga a kafaɗar hagu? Wanda ya samu ranar da ya ce a bar masa guga?"

Falon ya ɗauki dariya, har tsohon kafet ya kwanta. Amma Sista ba ta yi ba, kuma da aka ga fuskarta dariyar ta janye da kaɗan-kaɗan.

"Maigida," ta ce a hankali. "Ina jawabina?"

"Yana... yana hanya. Cikin kebul yake. Shafi tara sun riga sun iso."

"Ka goge."

"Nawa na goge. Naki ne ya bi shi."

"Wata uku," ta ce. "Gobe ƙarfe tara."

Mai Faci ya zauna a hankali ya cire hularsa. Mai Burodi ta kama bakinta. Kubarmin ya dubi ƙofa, ƙofa ta yi masa nisa kamar wata unguwa.

Baba ya bi su da kallo, irin na hedimasta gaban layin masu makara, sannan ya zaro hannu daga aljihu. Filash ɗin nan ne da aka kira abin kunya.

"Shekara talatin da biyu ina riƙe da makaranta," ya ce, "ban taɓa barin takarda ta kwana ita kaɗai ba kwafi ba. Tun ranar Lahadi da na ce na gani na kwafe shi. Na gyara miki waƙafi goma sha huɗu." Ya tashi ya taka zuwa gabanta yana ƙirgawa a fili. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Ungo."

Sista ta karɓa da hannu biyu, ta rungume shi a ƙirji, ta zauna a hannun kujera tana sauke numfashi.

"Baba," in ji Kubarmin, "ku ne mai jan rubutu?"

"Ɗaya da rabin ma don surukuta ne."

Wani mutum da ya san ciwon kansa a nan zai yi shiru. Kubarmin sai ya ga ƙofar kare kansa ta buɗe.

"To kun gani, jama'a? Da ban haɗa su ba, ta ina Baba zai kwafa? Wannan shi ake kira tsaro mai hawa biyu. Dama gwada ku nake yi. Yanzu bari in je in duba na'urar..."

Ya yunƙura zai tashi, kujera ta ce ba ta yarda ba. Ya sake yunƙurawa, ta riƙe rigarsa. Ya tattara ƙarfi ya fizga, aka ji ɓarrr kamar an ɓare filasta, ya yi taga-taga zuwa tsakiyar falo, ƙafarsa ta kwaso kebul ɗin da ke ƙarƙashin kafet, iskar haɗin ta fito fili kowa ya gan ta, baƙa, mai tsawon taku biyar.

Ya juya don ya mayar da ita, sai ya ba jama'a baya. Ga gyambo a farar riga, ja da rawaya, faɗin murfin tukunya. Ga ɗan'uwansa sak a jikin farar kujerar Sista. Ga na uku a talabijin.

"Yanzu kam an samu kwafi," in ji Baba.

Falo ya kife. Mai Faci na dukan kafet yana cewa a kawo jak, Mai Burodi na hawaye tana cewa ya yi ja, ya isa a juya. Wasu suka taso za su kama shi, kowa da tsohon famfonsa a rai.

Sista ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Ta dubi kujerarta, ta dubi mijinta, ta naɗe hannun riga.

"Ku bar min shi," ta ce. "Dama ina neman majinyacin da zan gwada a kansa. A kwashe teburin nan. Mai Faci, kama ƙafa."

Kafin ya ce wani abu yana kife a kan teburin cin abinci, kumatu a katako, ainihin jawabin ya haska a talabijin. Baba ya sunkuya ya ɗauki kwalin da ya faɗo daga kan SISTA, ya karkaɗe shi, ya jingina shi a ƙugun surukinsa ta inda kowa zai iya karantawa: KADA A TAƁA. BAI BUSHE BA.